Abin da Giwa Ba Ta Ci Ba

A layinsu, a da, motoci irin ta Baba guda bakwai ne. Dogaye, masu layin kujera uku da ƙofa a baya, irin waɗanda ake dura wa mata da yara da buhuna a kama hanya. Duk ma'aikacin da albashinsa ya ɗan yi kauri, ita yake saya. Auta ya buɗe ido ya gan su jere kowace safiya, kowacce da mai ita a tsaye riƙe da tsumma. Yau ɗaya ta zama akurkin kaji a bayan kantin magani. Biyu maƙera sun yanka sun yi murhun gawayi. Sauran babu wanda ya san inda suka ƙare. Ta Baba kaɗai ta rage, mai ruwan toka, kuma daga bakin titi har ƙarshen layi Giwa ake ce mata, saboda cin da take yi.

Ta ci rediyon falo. Ta ci firji. Ta ci filin da Baba ya saya a bayan gari tun yana aikin sito a masaƙa, kafin a rufe masaƙar. Shekarar da aka sauke injinta ta ci karatun Auta, saura masa aji ɗaya ya gama, aka kai shi wurin mai walda. 'Yan kunnen Inna sun tafi a taya huɗu. Fetur kuwa ba a maganarsa, a kwalba ake sayo shi, kuma in ya ƙi hawa Auta ne yake sa bakin tiyo a bakinsa ya tsotso, ya wuni yana gyatsar mai. Abu ɗaya mai daraja ya saura a gidan, keken ɗinkin Inna, baƙi, mai feda. Shi ne yake ɗora tukunya a gidan.

Auta yana da shekara ashirin da huɗu. Tun yana ɗan shekara tara, aikinsa na safe bai canza ba. Ya cika jarka a famfo, ya ɗaga bonet, ya dura wa lagireto ruwa, domin yoyo yake yi, ba ya kwana da ruwa. Sannan ya koma baya ya sa kafaɗa ya tura, Baba yana ciki riƙe da sitiyari, har injin ya kama.

Ran nan injin ya kama. Baba ya sa giya ta ɗaya, ya sa ta biyu, ya nemi ta uku. Sai wani sauti ya fito daga ƙarƙashi kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa. Motar ta yi tsalle biyu ta mutu a gaban teburin mai shayi.

Baba ya fito bai rufe ƙofa ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, furfura ta cinye kansa amma ƙarfin hannunsa yana nan. Ya tako har inda Auta yake tsaye yana haki, ya ɗauke shi da mari.

"Na ce ka sake ta? Na ce ka sake?"

"Ta riga ta tashi, Baba."

Ya ƙara masa a ɗaya kuncin. Masu shan shayi suka duƙar da kai cikin kofunansu.

"A yi haƙuri, Mai Giwa," in ji mai shayi. "Ai ba shi ya haifi giyar ba."

"Kai kuma ka ji da tukunyarka."

Auta ya tofar da yawu, da ɗan jini a ciki, ya sake sa kafaɗa.

Bakaniken da ke duba Giwa tun tana sabuwa ƙato ne mai tumbi, kowa Oga yake ce masa. Garejinsa fili ne mai baƙar ƙasa, mai ya jiƙa ta har ba ta shan ruwa. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar, ya daɗe, ya fito yana goge hannu a wando.

"Ta uku da ta huɗu sun tafi. Haƙoran sun zube a cikin mai. Ta ɗaya da ta biyu za su kai ku gida, in kun lallaɓa ta."

"A gyara," in ji Baba.

"Da me? Waɗanda suka ƙera ta ma sun manta sun taɓa yin irinta. Sai dai a nemi gawa. Akwai gawar wata a garejin wani abokina, giyarta lafiya lau. Amma akwai mai zagaya ta. In jibi ta wuce, ba ruwana."

Baba bai ce komai ba har gida. Auta ya san wannan shirun. Tsohon yana zagaya ɗakunan gidan ne a cikin kansa, yana duba abin da ya saura.

Suka tarar da Inna a rumfa tana ɗinka rigunan makaranta, shuɗin ƙyalle ya taru a ƙafarta. Baba ya tsaya a kanta. Ta ɗauke ƙafa daga feda.

"Gobe zan kai keken nan wurin dillali."

Inna ta cire allurar da ke bakinta. "Malam, da me za mu ci?"

"Da me kuke ci kafin ya shigo gidan nan?"

"Da albashinka."

Bai mare ta ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da sukundireba, domin ba ya rabuwa da ita, ya duƙa ya fara kwance kan keken daga teburi. Inna ta ɗora hannuwanta biyu a kai. Ya ce ta ɗauke. Ba ta ɗauke ba. Ya juya sukundirebar ya ƙwala mata ƙotar a bayan hannu. Ta runtse ido, hannun yana nan inda yake. Ya ɗaga zai ƙara, Auta ya riƙe masa wuyan hannu.

Bai taɓa yin haka ba. Shi kansa ya yi mamakin yadda hannun tsohon ya yi siriri a cikin nasa.

"Cika ni."

Ya cika shi.

A bayan ƙofar falo akwai ƙusa, a ƙusar akwai tsohon fanbel na Giwa, robar da ke juya fankar inji, wanda ya tsinke tun Auta yana firamare. Baba bai taɓa yar da wani abu nata ba, wannan kuwa ya samo masa aiki. Ya ɗauko shi ya naɗe a hannu. Na farko ya sauka a wuya. Auta bai gudu ba, bai kare ba. Ya juya baya kawai ya dafa ginshiƙin rumfa. Robar tana da zare a ciki, in ta sauka sai ta tafi da fata. Riga ta yage. Inna tana cewa ya isa, Malam, ya isa, ka ɗauka, ka ɗauki keken. Baba bai tsaya ba sai da numfashi ya gagare shi. Ya mayar da fanbel ƙusarsa, ya dawo ya ƙarasa kwance sukurori, ya naɗe kan keken a tsohon zane ya kai ɗakinsa ya kulle.

Inna ta zauna a gaban teburin da yanzu rami ne a tsakiyarsa, rigar da ba ta gama ba a cinyarta. Bayan hannunta ya kumbura ya yi baƙi.

"Da ba ka riƙe shi ba," ta ce.

"Ba za a sayar ba, Inna."

"Haka ka ce ranar firji."

Da yamma Auta ya koma gareji shi kaɗai. Ya tarar da Oga zaune a kan kujerar wata matacciyar mota da aka ciro aka ajiye a ƙasa, yana ɓarar gyaɗa.

"A'a, ɗan Giwa. Wa ya yi maka zane a wuya?"

"Ka gaya wa Baba an sayar da giyar."

"An sayar?"

"Ka ce masa an sayar."

"In yi ƙarya kenan, in kori abincina da hannuna." Oga ya jefa gyaɗa a baki. "Kai, motarku ita ta aurar min da 'ya'ya biyu. Ina ganin mutuncinta."

"Keken uwata zai sayar."

"Ni na aike shi? Ni ƙarfe nake gyarawa, ba gidan mutane ba."

Auta ya cakumi wuyan rigarsa. Kuskure ne. Mutumin da ya shekara talatin yana ɗaga injin ba a cakumarsa. Oga ya miƙe da shi kamar ya ɗauki galan, ya buga bayansa da jikin wata mota, daidai inda fanbel ya bi. Auta ya kai masa naushi a tumbi, ya ji kamar ya doki buhun siminti. Oga ya sa masa gwiwar hannu a baki, ya kwashe ƙafafunsa, ya danna fuskarsa a cikin daron baƙin mai. Ya riƙe shi a nan har ya fara shure-shure, sannan ya ɗago shi ta ƙeya.

"Ka huce?"

Auta ya yi tari, mai yana fita ta hancinsa.

Oga ya jefa masa tsumma ya koma kujerarsa yana haki. Fushinsa ba ya daɗewa.

"Saurara, shashasha. Ko na ce an sayar, gobe wani garejin zai je. Giya ana samu. Gilashi, ƙofa, kafireto, duk akwai gawarwaki a gari, ana samu. Ubanka ba zai daina ba muddin bulok ɗin nan yana da rai."

"Bulok."

"Gangar injin. Shi ne babu. Na nema wa mutum uku har na gaji, duk wanda ka gani ya tsage. Shi ya sa kullum nake masa faɗa, in ta yi zafi a bar ta ta huce, kada a kusance ta da ruwan sanyi." Ya dube shi sama da ƙasa. "Goge fuskarka ka tafi, ka yi kama da aljani. Ka gaida uwarka."

Auta mai walda ne. Ya san abin da ruwan sanyi yake yi wa ƙarfen da ya ɗauki wuta. Ya goge fuska ya ajiye tsumman a inda ya gan shi.

Washegari ya cika jarka a famfo kamar kullum. Ya ɗaga bonet, ya cire murfin lagireto, ya karkata jarkar. Ruwan ya bi ta gefe ya sauka ƙasa, ko ɗigo bai shiga ba. Ƙarƙashin Giwa dama kullum a jiƙe yake, babu wanda zai duba. Ya mayar da murfi ya jefa jarkar a baya.

Dillalin yana kasuwar da ke bayan tudu, kuma ya ce a kawo kan keken da rana ya gani, teburin ya biyo baya in an daidaita. Mai shayi ya ce ai da an ɗauki mai amalanke, tunda motar ba ta da lafiya.

"Ina da mota in bi bayan amalanke?" in ji Baba.

Inna ba ta fito ba. Auta ya ɗauko keken a naɗe a zanensa ya kwantar da shi a kujerar can baya. Ya tura, injin ya kama, ya ruga ya faɗa gaba.

Rana ta take tsaka. A giya ta biyu motar tana ihu kamar ana yanka ta, duk da haka masu babur suna wuce su suna waiwaye. Baba yana zaune a miƙe, hannu biyu a sitiyari. Da suka fara hawan tudu sai ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Ranar da na kawo ta, ledar kujerun ma ba a cire ba. Wata uku ban bari an cire ba. Manajanmu da kansa ya fito ya zagaya ta sau biyu." Ya gyara riƙon sitiyari. "Mu goma sha ɗaya muka je bakin kogi a cikinta. Har da kakarka. Kai kana can baya a kan tabarma, ka yi amai."

"Na tuna."

"Ba ka tuna ba, kana ƙarami."

Auta ya tuna. Ya tuna iskar da ke shigowa ta taga, da Inna tana dariya tana dafe ɗankwali don kada ya tashi, da Baba yana waƙa yana buga sitiyari da tafin hannu. A gangara sai ya kashe injin don kada a ƙona mai, motar ta yi tsit tana gudu, yaran su yi ta ihu. Bai sake jin waƙa a bakin tsohon ba tun da aka rufe masaƙa. Ya kalli hannuwan da ke kan sitiyari, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa. Saura kaɗan ya ce a tsaya, ya ce ya manta bai zuba ruwa ba. Sai motar ta faɗa rami, keken ya bugu da jikin kujera a baya. Ya ja bakinsa ya yi shiru.

Allurar zafi ta mutu shekaru da yawa, da hanci Baba yake gane halin Giwa. A tsakiyar tudun ya shaƙi iska, ya sake shaƙa. Wari kamar an manta tukunya a wuta. Tururi ya fara fita ta gefen bonet.

Baba ya sauka gefen titi ya kashe. A wurin akwai mai faci da bencinsa a ƙarƙashin bishiya can tsallake, da 'yan dako suna jiran lodi, da wata mata mai sayar da ruwan sanyi a babbar kula. Auta ya fita ya sa dutse a bayan taya. Baba ya ɗaga bonet da gefen rigarsa, zafi ya buge su a fuska. Injin yana ƙas-ƙas shi kaɗai.

"Ka zuba ruwa da safe?"

"Na zuba."

Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Kada ka taɓa ta. Sai ta huce, sai na iya ɗora tafin hannuna."

Ya tsallaka wurin mai faci ya zauna a inuwa. Ba a jima ba ya shiga yi masa bayanin shekarar da aka ƙera ta da irin ƙarfen da ake yi a da.

Auta ya ɗauki jarka ya je wurin mai ruwa.

"Yaya, ruwan da ke ƙasan kular nan nake so."

"Wanda ƙanƙara ta narke? Wanka za ka yi?"

"Kusan haka."

Ta karkata kular ta tsiyaye masa, har da gutsattsarin ƙanƙarar da suka iya wuce bakin jarkar. Sanyin ya ratsa robar ya kama masa yatsu.

Ya tuɓe riga ya naɗe hannun dama. Ya kama murfin lagireto ya murɗa. Murfin ya tashi sama kamar an harba shi, tururi ya biyo baya ya kwashe shi daga wuyan hannu har gwiwa. Ya ga fatar ta yi fari ta tattare. Bai saki jarkar ba. Ya kafa bakinta ya dura rabi, sauran ya kwara a jikin injin.

Injin ya yi huci, fari ya rufe ko'ina. Daga cikin farin aka ji ƙara guda ɗaya, ba babba ba, kamar an taka farantin tangaran. Wani baƙin ruwa ya fara tsiyaya a kwalta.

Baba ya ji. Daga can inuwar ya ji, ya tsaya a tsakiyar magana.

Bai yi gudu ba. Ya tsallako titi, wata mota tana masa ham bai waiwaya ba, ya leƙa cikin injin. Tsagar ta fito fili daga sama har ƙasa. Ya ɗora yatsa a kai, ya ƙone, bai janye da wuri ba. Sannan ya zagaya ya buɗe ƙofar direba, ya zaro sifanar taya daga ƙarƙashin kujera.

Na farko Auta ya kare da hannun da ya ƙone, fatar ta bi ƙarfen. Na biyu ya same shi a kafaɗa, ya ji wani abu ya goce a ciki. Na uku a gefen kai. Ya durƙusa, jini ya rufe masa ido ɗaya. Mai ruwa tana ihu. 'Yan dako sun miƙe suna kallo. Mai faci ne ya rugo ya rungume Baba ta baya.

"Haba dattijo! Kisa za ka yi a kan mota?"

"Ɗana ne. Sake ni, ɗana ne."

"To ai shi ya sa!"

Baba ya fizge, sifanar ta faɗi a kwalta. Ya tsaya yana haki yana kallon Auta, ya kalli jarkar da ke kwance, ya kalli bayan motar.

"Saboda keke," ya ce a hankali. "Saboda keken uwarka ka kashe ta."

Ya nufi baya ya ɗaga ƙofar. Ya jawo kan keken, zanen ya zame ya faɗi. Ƙarfe ne mai nauyi, amma ya ɗaga shi da hannu biyu har saman kansa, ya juya wajen simintin bakin kwalbati.

Auta bai yi tunani ba. Sifanar tana gabansa. Ya ɗauka da hagu, daga durƙushen da yake, ya sauke ta a gwiwar ubansa.

Baba ya yi wani kuka da Auta bai taɓa ji a bakinsa ba. Ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa, keken ya kuɓuce. Auta ya tara ƙirji. Nauyin ya kai shi ƙasa, ya fitar masa da duk iskar da ke cikinsa, amma ƙarfen bai taɓa siminti ba.

"Ubansa ne!" wani ɗan dako ya yi ihu. "Wallahi ubansa ya doka!"

Mutanen da ba su motsa ba lokacin da ake fasa masa kai, yanzu duk suka taso. Ya kife a kan keken ya rungume shi. Takalmi a haƙarƙari, takalmi a ƙeya. Wani ya zo da katako. Wani yana cewa tsinanne, ɗan da ba albarka. Wani da ya iso daga baya yana tambaya me ya sata, yana tambaya yana duka. Duk lokacin da aka taka bayansa sai ƙarfen keken ya soke shi a ciki. Ya rufe ido ya bar su.

Mai ruwa ce ta raba. Ta shiga tsakiya da murfin kula tana bugun duk wanda ta samu.

"Ku kashe shi ku huta! Ƙartin banza, ina kuke lokacin da tsohon yake sara masa ƙarfe a ka? Ku je ku ɗauki wanda ya karye mana!"

Suka koma kan Baba. An jingina shi da tayar motar, mai faci yana ɗaure masa ƙafa da katako da tsohuwar roba. Idonsa a rufe, gumi yana bin furfurarsa. Da Auta ya miƙe da ƙyar sai ya buɗe.

"Kada in sake ganinka. Ko gawata kada ka tsaya a kanta."

Auta ya ɗauki zanen ya naɗe keken. Kafaɗar dama ba ta ɗaguwa, ya saɓa a hagu. Babu wanda ya tare shi.

Ya sauko tudun a ƙasa, ba riga, takalmi ɗaya. Yana tafiya yana saukewa ya huta, ya sake saɓawa. Mutane suna ba shi hanya tun daga nesa. Mai shayi ya gan shi, ya mayar da kai kan wankin kofunansa.

Inna tana rumfa a gaban teburin. Ya sauke keken a tabarma. Ta kalli keken, ta kalle shi.

"Ina Babanku?"

"Za a kawo shi. Ƙafarsa ta karye."

"Hatsari kuka yi?"

"Ni na karya."

 Ta buɗe zanen, ta kama hannun keken ta juya a hankali. Allura ta sauka ta hau, ta sauka ta hau. Ta goge jinin da ke jikin ƙarfen da bakin zaninta.

"Motar fa?"

"Ta mutu. Ba ta ƙara tashi."

Ya miƙa hannu zai ɗora keken a teburi, ta ce a'a.

"In ya same shi a nan, ko da rarrafe sai ya zo ya fasa shi. Miƙa wa mai kitso ta katanga."

Maƙwabciyarsu mai kitso ta leƙo, ta ga fuskar Auta, ta karɓi keken ba ta tambayi komai ba. Teburin ma suka tsallakar da shi, Inna da hannu ɗaya, shi da hannu ɗaya.

Ta zaunar da shi ta wanke masa kai. Ta yago ƙyalle mai tsabta ta naɗe ƙunar. Ba ta kalli fuskarsa ba.

"Ka doki ubanka."

"Eh."

"Ba zan ce maka na gode ba."

"Na sani."

"Je ka kantin magani su duba kafaɗar nan. Daga can ka wuce shagon walda, ka roƙi maigidanka wurin kwana. Kada ka biyo ta layin nan sai na aiko."

"Ke fa?"

"Ni zan yi jinyarsa. Wa zai yi?" Ta ja ƙullin ƙyallen da haƙori. "Tashi. Ina jin hayaniya a bakin titi."

Ya tashi. Daga ƙofar gida ya hango su sun shawo kwana, mutum huɗu ɗauke da benci, ƙafa ɗaya a miƙe a gaba. Ya juya ya bi ɗaya hanyar yana dafa bango.